Daga Mosko zuwa Magadan a kan babur: wata ɗaya zai isa?

Wani ɗan'uwa da ke aiki a Istanbul ya aiko da tambaya. Yana da babban babur mai cc 1200, ya samu hutun wata ɗaya a Satumba, yana son ya tashi daga Mosko shi kaɗai ya ratsa Siberiya har Magadan, birnin bakin teku a can gabashin Rasha, ta hanyar Kolima. Ya ce a gaya masa abin da zai tanada.

Ɗan'uwa, kafin mu je kan kayan da za ka tanada, akwai abubuwa uku a cikin shirinka da nake roƙonka ka sauya: watan, yawan kwanakin, da tafiya kai kaɗai. Babur ɗin ma ina da magana a kansa. Tafiyar tana yiwuwa, mutane suna yin ta kowace shekara, har da waɗanda ba su kai ka ƙwarewa ba. Amma waɗanda na ga ta gagare su, akasarinsu ƙarancin kwanaki ne da nauyin kaya suka kayar da su. Wanda kwanakinsa suka ƙure shi ne yake shiga kogin da ya kamata ya jira ya janye, shi ne yake tuƙi da dare, shi ne yake wuce garin da ya kamata ya tsaya ya gyara cen.

Fara da lissafin nisa. Daga Mosko zuwa Magadan ta mota ya haura kilomita 10,000. In ka raba wa kwana 30, kullum sai ka ci sama da kilomita 330, ba hutu, ba ranar ruwan sama, ba ranar gyara, kuma ba ka sa kwanakin zuwa Mosko daga Istanbul ba, balle na fitar da babur daga Magadan. A kan kwalta za ka iya cin 600 a rana in jikinka ya saba. A Kolima, in ka samu 250 zuwa 300 ka gode wa Allah.

Sannan abin da ake kira hanyar Siberiya hanyoyi ne iri-iri, kuma ba su haɗa komai ba sai suna. Babbar hanyar da ta ratsa Chelyabinsk, Omsk, Novosibirsk, Krasnoyarsk, Irkutsk, Ulan-Ude da Chita har Khabarovsk da Vladivostok kwalta ce. Yankin ƙarshe da ya rage, tsakanin Chita da Khabarovsk, wajen kilomita 2,100, an gama shimfiɗa masa kwalta a 2010. Haɗarin wannan hanya manyan motoci ne, da gajiya, da wuraren da ake gyara inda kwalta ke yankewa ba sanarwa. Abu ɗaya ka lura da shi tun a taswira: tsakanin Kurgan da Omsk tsohuwar hanyar tana kutsawa cikin Kazakistan ta Petropavl. In bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ka zagaya ta Ishim, kada ka fita daga Rasha ba ka sani ba.

Bayan Chita da kusan kilomita dubu, kusa da Skovorodino, akwai wani ƙauye da ake kira Never. Nan hanyar Lena ta balle ta yi arewa, ta bi ta Tynda da Aldan da Tommot, sama da kilomita 1,100, ta tsaya a Nizhny Bestyakh, a bakin kogin Lena, Yakutsk na tsallake. A da wannan hanya ta yi ƙaurin suna da laka mai haɗiye motoci, yanzu an gyara mafi yawanta. Daga Nizhny Bestyakh ne hanyar Kolima ta fara, kilomita kusan 2,030 zuwa Magadan, kusan dukkanta tsakuwa da ƙasa. Akwai kuma wata, hanyar da ke bin layin dogon da ake kira BAM daga Taishet ta Bratsk da Severobaikalsk zuwa Tynda, wadda aka yi don aikin gina layin aka kuma bar wani ɓangarenta ya lalace. Wannan ka cire ta daga ranka a tafiyar farko, musamman da babur irin naka.

Yanzu watan. Satumba ya yi latti. A duwatsun da ke tsakanin Khandyga da Ust-Nera, da wuraren da ke kusa da Susuman, sanyi mai daskarar da ruwa yana fara sauka da dare tun ƙarshen Agusta, dusar ƙanƙara kuma tana iya zuba a farkon Satumba. Kai kuma bisa lissafinka sai a mako na uku ko na huɗu na watan za ka isa can. Wannan yanki ne da aka auna sanyi digiri 67.7 ƙasa da sifili a Oymyakon a 1933. Ba za ka gamu da irin wannan a Satumba ba, amma sanyin da zai sa yatsunka su kasa matse birki ya isa ya jawo maka haɗari. Lokacin da ya dace daga ƙarshen Yuni ne zuwa tsakiyar Agusta. Kafin nan koguna na cike da ruwan narkewar ƙanƙara. Ka kuma san cewa har yanzu jirgin fito ne ke haye Lena zuwa Yakutsk da rani, da hunturu kuma motoci su bi ta kan ƙanƙarar kogin, a tsakanin lokutan biyu akwai makonnin da haye kogin ke zama wahala ƙwarai. Haka kogin Aldan kafin Khandyga, shi ma fito ne.

A Yuli kuwa zafi ne za ka sha a Yakutsk, yana wuce digiri 30. Don haka kayan sawarka su zama na zafi da na sanyi gaba ɗaya, masu hawa-hawa, da rigar ruwa ta gaske da safar hannu biyu. Yuli kuma lokacin gobarar daji ne. A 2021 hayaƙi ya rufe Yakutsk har aka riƙa dakatar da jiragen sama da na fito.

Bari in daɗe a kan ruwa, don shi ne mai mulkin wannan hanya. Ƙasar yankin a daskare take daga ƙasa duk shekara, samanta kawai ke narkewa da rani. Saboda haka in an yi ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya kwanta a sama ko ya gangara rafi nan take. Rafin da ka gani da safe bai kai idon sawu ba, da yamma sai ka tarar yana jan itatuwa. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan ya ɗauke kuma sai ya koma yadda yake. Wannan daskarewa da narkewa ita ce kuma ke sa hanya ta kumbura nan ta lotsa can, ko da sabuwar kwalta ce. Kilomita 400 na farko, daga Nizhny Bestyakh ta Churapcha zuwa bakin Aldan, akwai wurare masu yumɓu. In ya bushe ƙura ce, in ya jiƙe kuma yana cushewa tsakanin taya da madigadi har ƙafar gaba ta daina juyawa, babur ya kwanta da kai a tsaye. Maganinsa jira. Shi ya sa nake cewa ka ware wa Kolima kwana goma, ko da kana ganin bakwai za su isa.

A kan babbar hanyar, wadda ke bi ta Ust-Nera, an yi gadoji, sai dai ambaliya takan cinye wani wuri a rufe hanya na kwanaki. Inda ake shiga ruwa sosai shi ne tsohuwar hanyar da ta balle daga Kyubyume ta bi ta Tomtor ta ɓulla kusa da Kadykchan. Tun da aka karkatar da babbar hanya ta Ust-Nera aka daina kula da ita bayan Tomtor, gadojin katako sun rufta, fadama ta cinye wasu wurare, babu gari, babu mai. Zuwa Tomtor kanta, kimanin kilomita 150 daga Kyubyume, ana zuwa lafiya, kuma in kana son ganin Oymyakon ta nan ne. Ka je ka dawo. Wucewa gaba aikin mutum uku ne ko huɗu masu ƙananan babura.

Duk da haka ka koyi haye rafi kafin ka tafi, don ba ka san inda za ka buƙata ba. Ka kashe babur, ka sauka, ka shiga da ƙafa da sanda a hannu. Ka ji ƙasan, duwatsu ne masu santsi ko tsakuwa, ka nemo inda manyan motoci ba su haƙa rami ba. In ruwan ya wuce gwiwa kuma yana tura ka har kana neman faɗuwa, kada ka sa babur. In za a iya, ka sauke kaya ka haye da su a ka tukuna. Ka san daidai inda injinka ke shaƙar iska, ka auna tsayinsa da ƙafarka tun a gida. Ka shiga da giya ɗaya, kana ɗan karkata zuwa inda ruwan ke gangarawa, in ya fara kwanciya ka kashe inji kafin ya taɓa ruwa. In kuwa ya sha ruwa, kada ka kuskura ka tayar. Ka kwance fulogi, ka juya injin ruwan ya fita, ka matse matatar iska ta bushe, ka duba baƙin mai. In ya koma fari kamar an zuba madara, sai an canza. Wannan ne dalilin da za ka riƙe baƙin mai na canji guda. In rafi ya fi ƙarfinka, ka zauna a baki ka dafa shayi. Babbar motar kaya ƙirar Kamaz ko Ural za ta zo, kuma direbobinsu sukan ɗora babur su haye da shi, wani ya karɓi kuɗi wani ya ƙi.

Ga maganar babur ɗinka. Mai cc 1200 yana kai kilo 250 da mai a tanki, in ka ɗora akwatuna da jarka da tanti ya haura 300. A kwalta daga Mosko zuwa Chita babu abin da ya fi shi daɗi. A Kolima ma in an yi sa'ar rani zai kai ka. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in ya faɗi a cikin laka, ƙafarka ɗaya a ƙarƙashinsa, ba kowa, za ka iya ɗaga shi? Sau biyar a yini ɗaya fa? Je ka gwada a fili da kayanka duka a kai. In da zaɓi, mai silinda ɗaya tsakanin cc 400 da 700, ƙafar gaba inci 21, ya fi dacewa da wannan ƙasa nesa ba kusa ba. In kuma wannan ɗin ne kawai, to ka rage kaya ba tausayi, ka canza akwatunan ƙarfe da jakunkuna masu laushi don ƙarfe yana karya ƙafa in aka faɗi, ka sa abin kare inji daga ƙasa da na lagireto, kuma ka nemi abokin tafiya. Mutum biyu suna ɗaga babur, ɗaya yana zuwa neman taimako in ɗaya ya karye.

Taya ita ce abin da zai fi ba ka aiki. Tsakuwar Kolima, musamman wajen Ust-Nera da Artyk, fasasshen dutse ne mai kaifi. Kada ka ɓata tayar daji a kan kwaltar kilomita 6,000. Ka tafi da ta kwalta, ka sa a aika maka da sababbi masu gurza-gurza zuwa Irkutsk ko Ulan-Ude ko Yakutsk ta kamfanin dakon kaya, ka canza a can. Bayan Yakutsk kada ka sa ran samun tayar babur ko cen ko sifoket sai Magadan, can ma ba tabbas. Masu facin mota suna nan a garuruwa, alamar shagonsu шиномонтаж, amma tsakanin gari da gari kai ne mai facin kanka. Ka riƙe tub na gaba da na baya ko da tayarka marar tub ce, don dutse in ya yanka gefen taya toshe ba ya riƙewa. Ka haɗa da ƙarafan cire taya, famfo, kayan faci, boris na ƙafafu, wayar kuloci, takalmin birki, fis, mahaɗin cen, da waya da gam mai ƙarfi. Ka cire taya ka mayar a gida har hannunka ya saba, domin a can za ka yi shi ne sauro na cin wuyanka. Kullum da yamma ka zaga babur da sifana, gargadar hanya tana kwance noti ɗaya bayan ɗaya.

Ƙura kuma haɗari ce mai zaman kanta. In babbar mota ta wuce a busasshiyar rana, sai gaba ya rufe kamar an yi hazon hunturu mai kauri a Kano, ba ka ganin ko tsawon mota biyu. Kada ka yi yunƙurin wuce mota a cikin wannan ƙura, ba ka san abin da ke tahowa ba. Ka ja baya, ko ka jira iska ta karkatar da ita, ko direban ya ba ka hannu da sigina. A duwatsun bayan Tyoply Klyuch akwai wuraren da aka sassaƙa hanya a jikin dutse, kwari na gefe ɗaya. An faɗaɗa su a 'yan shekarun nan, amma ka shiga kowace kwana kana zaton akwai mota a bayanta.

Mai: ka tabbatar babur ɗinka zai iya cin kilomita 400 ba tare da gidan mai ba, da tanki ko da jarka. Tazarar da ta fi tsawo tana tsakanin Khandyga da Ust-Nera, inda gidan man Kyubyume ne kusan kaɗai abin dogaro a tsakiya, kuma gidan mai na iya kasancewa a buɗe amma tankinsa a bushe. Duk inda ka ga mai ka cika, ko rabin tanki ne da kai. A ƙauyuka mai lamba 92 za ka fi samu, 95 sai manyan garuruwa, don haka ka bincika ko injinka yana jure shi. Tsarin sayen ma daban ne. Za ka tsaya a famfo ka sa bututu a tanki, ka taka zuwa wata 'yar taga mai ƙarfe, sau da yawa ba ka ganin fuskar mai sayarwa, sai wata 'yar aljihun tebur da za ta turo maka. Ka faɗi lambar famfo da lita nawa, ka sa kuɗi, ta ja ta mayar da canji, sannan ta kunna. Ka rubuta adadin a takarda ka nuna in bakinka bai faɗa ba. Kuma ka riƙe bututun da kyau, wasu tsofaffin famfuna ba sa tsayawa sai litar da ka biya ta ƙare.

Takardu su ne za su fi cin lokacinka kafin tafiya, ka fara su da wata uku ko huɗu. Ka nemi bizar da ta fi kwanakin tafiyarka da aƙalla mako biyu, mai shiga sau biyu in ka samu. A kan iyaka, wadda daga Turkiyya mafi sauƙi ita ce ta Verkhny Lars tsakanin Jojiya da Vladikavkaz, za a ba ka katin shige da fice, za ka kuma cike takardar kwastan ta shigo da babur na wucin gadi. Waɗannan takardu biyu ka adana su kamar fasfo. Takardar babur tana da wa'adi, kuma babur ɗin a wuyanka yake har ya fita daga ƙasar. Ko ya lalace ba ka da ikon yasar da shi ko sayar da shi ka hau jirgi. Takardun mallaka su kasance da sunanka. Inshorar dole ta Rasha, OSAGO, a can za ka saya, don koren katin inshora na Turai ya daina aiki a Rasha tun 2023. Ka riƙe lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na asali. Otal ne ke yi wa baƙo rajistar zama, ka riƙa karɓar takardar duk inda aka yi maka, ka tara su.

Tun 2022 katin Visa da Mastercard da aka bayar a wajen Rasha ba sa aiki a cikinta. Da tsabar kuɗi za ka shiga, dala ko yuro sababbi marasa tabo, ka canza zuwa rubul a banki a manyan birane, abin da ya haura dala 10,000 kuma sai ka bayyana wa kwastan. Ka raba kuɗin wuri uku. Sayen layin waya ga baƙo ya ƙara wuya tun 2025, sai an yi rajista da ɗaukar bayanan jiki, don haka ka ware masa kwanaki a birnin farko. A Kolima sabis sai a cikin gari, da ka fita ya ɗauke. Ka sauke taswirar yankin duka a waya tun kana da intanet, ka riƙe ta takarda ma. Na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam tana ceton rai, amma Rasha tana da dokoki a kanta, ka tambayi ofishin jakadancinsu kafin ka saya, ka kuma bayyana ta a iyaka. Ma'aikatar agajin gaggawa, MChS, tana yin rajistar matafiya masu bin hanyoyi masu haɗari, ana so a sanar da ita kwana goma na aiki kafin a tashi. Ka yi, kyauta ne. Lambar gaggawa 112.

Ƙasar tana cikin yaƙi, kada ka manta da wannan ko da kana nesa da fagen daga da dubban kilomita. Kada ka ɗauki hoton gadar jirgin ƙasa, tashar lantarki, barikin soja ko jerin motocinsu. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto ka bar shi a gida. Yankunan da ke dab da iyakar Sin da Mongoliya wasunsu sai da izini na musamman. Kada ka sa hannu a kan wata takarda da aka rubuta da Rashanci ba ka fahimce ta ba, ko wa ya miƙo maka, don an sha samun 'yan Afirka da aka yi wa alkawarin aiki suka tsinci kansu a cikin soja. A matsayinka na baƙar fata 'yan sanda za su tsayar da kai neman takardu fiye da wasu, a ƙauyuka kuma za a taru a kalle ka, a nemi hoto da kai. Mafi yawan wannan son sani ne, kuma irin karamcin da za ka gani a wurin direbobi da mutanen Yakutiya, yankin da Yakutsk ke babban birninsa, zai ba ka mamaki. Wanda za ka guje wa shi ne mashayi, musamman da yamma a ƙananan garuruwa. In aka miƙo maka giya ka ce kana tuƙi kuma addininka ya hana, ana girmama wannan. Ka koyi karanta haruffansu kafin ka tafi, aikin mako guda ne, da kalmomi ɗari na gaisuwa, lissafi, abinci da gyara. Turanci ba zai yi maka amfani ba bayan Irkutsk.

Wurin kwana: in akwai masauki ko ɗakin da direbobi ke kwana, ka fifita shi. A garuruwa da dama na Siberiya akwai ƙungiyoyin masu babura da ke saukar da matafiya, su nemo maka makaniki, su kira na gari na gaba su ce kana tafe. Ka nemi lambobinsu, sun fi kowace taswira sanin halin da hanya take ciki a makon. In tanti za ka kafa, ka yi nesa da ƙauye, inda ba a hango ka daga hanya, kuma kada kowa ya ga inda ka ratse. A 2012 an kashe wani matafiyi ɗan Japan a wurin da ya kafa tanti a yankin Chita. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma ya isa ya sa ka kula. A Kolima kuma beyar (bear), wata ƙatuwar dabbar daji mai kai wa mutum hari, ita ce abin tsoro. Ka dafa abinci nesa da inda za ka kwanta, ka ajiye shi nesa, kada ka bar gwangwanin kifi a bakin tanti, in ka gan ta a hanya ka tsaya daga nesa inji na aiki har ta wuce.

Sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo ba sa kisa, amma suna iya hana ka tunani. Ka sayi ragar rufe fuska da maganin shafawa a can. Kaska ta fi su haɗari, don a kudancin Siberiya tana ɗauke da cutar kumburin ƙwaƙwalwa, an fi samunta a Mayu da Yuni. Akwai allurar rigakafi, ana yin ta fiye da sau ɗaya da tazarar makonni, don haka ka fara da wuri. Ka karanta inshorar lafiyarka da kyau ka ga ko ta haɗa da Rasha, da tuƙin babur, da ɗauko majinyaci daga daji. Yakutiya, wadda ake kuma kira Jamhuriyar Sakha, ita kaɗai ta ninka Najeriya sau uku a faɗi, mutanenta kuma kusan miliyan ɗaya ne, ka ga ke nan yadda asibiti zai yi nisa.

Abinci da sallah, tunda na san za ka tambaya. A shagunan abinci na bakin hanya naman alade yana shiga cikin abubuwa da yawa, har da pelmeni, ƙullin fulawa mai niƙaƙƙen nama a ciki, da ake cewa na saniya ne, sau da yawa gauraye ne. Ka haddace свинина, shi ne alade. Kifi, ƙwai, dankali, burodi, grechka (wani hatsi da suke dafawa kamar shinkafa) da shayi suna ko'ina. A birane ka nemi gidajen abincin Uzbekawa da Tajikawa, akwai shinkafa da naman halal. Akwai masallatai a Novosibirsk, Krasnoyarsk, Irkutsk da Yakutsk, ka yi guzuri daga shagunan da ke kusa da su. A Yakutsk a ƙarshen Yuni rana tana kai kusan awa 20 a sama, kuma dare ba ya yin duhu sosai, shafaƙi ba ya ɓacewa har gari ya waye. Ka tambayi malami hukuncin Isha da Asuba a irin wannan wuri kafin ka tashi, ka kuma karɓi jadawalin masallacin garin. Alƙibla a can yamma take. Wannan hasken yana kuma yaudarar matuƙi, sai ka ga ƙarfe goma na dare kana ta tafiya kamar la'asar, jiki ya gaji ba ka sani ba. Ka sa wa kanka lokacin tsayawa da agogo.

Ina so ka san a kan me kake tafiya. Fursunonin Dalstroy, hukumar gine-gine da haƙar ma'adinai ta Tarayyar Soviet a yankin, su ne suka fara gina wannan hanya a 1932, zamanin Stalin, don kai kaya wuraren haƙar zinariya, da diga da shebur da baro, cikin yunwa da sanyi. Mutane masu ɗimbin yawa sun mutu a aikin, abin da ya sa ake ce mata hanyar ƙasusuwa. Za ka wuce kufan garuruwa, mafi girma Kadykchan, garin masu haƙar kwal da aka watse daga cikinsa bayan fashewar da ta auku a mahaƙar a 1996, benaye a tsaye ba kowa. A kan tudun da ke kallon Magadan akwai babban gunkin tunawa da waɗanda suka mutu, wanda aka buɗe a wannan shekarar ta 1996. Jikokin fursunonin da na masu gadinsu suna zaune a garuruwan nan. In ka tsaya a irin waɗannan wurare ka tsaya da ladabi, kada ka ɗauke komai.

Abin da ya kamata ka fara shiryawa shi ne ƙarshen tafiyar. Magadan ba ta da layin dogo, ba ta da wata hanyar mota sai wadda ka shigo ta ita. Ko dai ka juya ka sake cin kilomita 2,000 na tsakuwa, ko ka sa babur a jirgin ruwan dakon kaya zuwa Vladivostok kai kuma ka bi jirgin sama. Jirgin ruwan ba kullum yake tashi ba, tsakanin jira da tafiya da sauke kaya mako biyu na iya wucewa, duk a cikin kwanakin bizarka. Daga Vladivostok kuma sai ka sake neman motar dakon kaya ko jirgin ƙasa da zai mayar da shi yamma. Ka samu wakilin da zai yi maka wannan, ka ji farashi da ranakun tashi, kafin ka sayi ko da tub ɗaya.

Ga yadda zan tsara in ni ne kai. In hutun Satumban nan ba ya ɗaguwa, ka bar Magadan bana. Ka yi yankin duwatsun Altai a farkon watan, ka bi hanyar Chuya daga Novosibirsk zuwa Tashanta, kwalta ce mai kyau cikin duwatsu, akwai rassan tsakuwa da za ka gwada kanka da kayanka a kai, in lokaci ya rage ka ƙarasa tabkin Baikal. In kuwa za ka iya haɗa hutun ya zama mako bakwai ko takwas a baɗi, ka shiga Rasha a tsakiyar Yuni, ka kasance a Irkutsk a farkon Yuli ka huta ka yi wa babur sabis, ka isa Yakutsk wajen tsakiyar watan, ka shiga Magadan kafin Agusta ta yi nisa. In wata ɗaya ne kawai amma a Yuli, ka aika babur ta mota zuwa Irkutsk ka bi shi ta jirgin sama, ka fara daga can. Kuma tun a gida ka rubuta ranar yankewa ka ba iyalinka: in 10 ga Agusta ta same ka ba ka isa mararrabar Never ba, kada ka yi arewa, ka miƙe kan kwalta zuwa Khabarovsk da Vladivostok.